TAMBUWAL DA KEBBE: A RUBUTA ƘASA TUN MASU SANINTA NA DA RAI

Jama'a, a wannan mako za mu ɗan jingine zancen iri da taki, mu yi zancen abin da iri da taki su ke faɗawa a kansa, watau ƙasa ita kanta. Za mu ɗauki Tambuwal da Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, mu duba yadda Allah ya shimfiɗa su, da yadda aka yi mutane suka zauna cikinsu. Shawarar da mu ke so mu kawo guda ce: ya kamata ko wace ƙasar hakimi ta rubuta littafin ƙasarta, da fadamunta, da burtalanta, da tafkunanta, da labarin shekarunta, tun dattawan da suka san su ba su ƙare ba. Mutumin Kano ko na Katsina ko na Maraɗi kada ya ce ba da shi a ke ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

YADDA ƘASAR TA KE

In ka tashi daga birnin Sakkwato ka bi babbar hanya ka yi kudu maso yamma, za ka wuce Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, in ka yi kamar mil 60 sai ga ka a Tambuwal. In ka zarce sai Aliero, garin albasa, sa'an nan Jega, daga nan hanya ta miƙe zuwa Yawuri da Kwantagora. Gwandu tana arewa da Tambuwal, kusa ƙwarai, mai ƙafa ma ya je ya komo a yini guda. Kebbe kuwa tana kudu, a gefen da Jihar Sakkwato ta yi iyaka da Jihar Zamfara wajen Gummi, ta kuma yi iyaka da Jihar Kebbi. Mai karatu kada ya haɗa Kebbe da Kebbi, sunaye ne biyu dabam.

Ƙasar Tambuwal yawancinta tudu ne, jigawa mai rairayi, da tsaunukan marmara nan da can, da kwaruruka inda ruwa ke kwanciya. Abincinta gero da dawa da wake da gyaɗa. Jabo da Sanyinna da Dogon Daji da Romo duk a cikinta su ke. Ƙasar Kebbe kuwa Gulbin Zamfara ya ratsa ta, bayan ya baro Gummi yana neman Jega, kafin ya je ya faɗa Gulbin Kabi. Sabo da haka tana da fadama mai laka, ta shinkafa da noman rani da kamun kifi, tana kuma da daji da makiyaya fiye da Tambuwal. Ruwan sama a nan ya fi na birnin Sakkwato kauri, don ko wane mai tafiya ya sani, yadda ka ke yin kudu haka damina ke ƙara tsawo. Amma duk da haka wata huɗu ne zuwa biyar, sauran shekara rani ne.

Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 220,000 a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita kamar 1,700. A Kebbe ta sami fiye da 120,000 a kan kamar 2,600. Akawu ya ɗauki alƙalami ya raba, zai ga cunkoson Tambuwal ya kusa ninka na Kebbe sau uku. Tun daga wannan ƙidaya an haifi waɗanda yau su ne ke riƙe da kalme, har sun yi aure sun haifi nasu. Ƙasa kuwa ko taƙi ɗaya ba ta ƙaru ba.

YADDA AKA ZAUNA

Kafin jihadi wannan yanki yana tsakanin manyan ƙasashe biyu, Kabi ta Kanta a yamma, Zamfara a gabas. A ƙarshen 1803 Gobirawa suka faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, can wajen Jega, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804. A 1805 jama'ar Shehu suka ci Birnin Kabi, suka zauna Gwandu. Da aka raba riƙon ƙasa a 1812, yamma ta zama ta Malam Abdullahi, gabas ta zama ta Muhammadu Bello. Tambuwal kuwa aka ba Muhammadu Buhari ɗan Shehu riƙonta, ya zauna nan, malami ne kuma mayaƙi, har wa yau sarautar garin tana hannun zuriyarsa. Dogon Daji ma gidan Buhari ne, can aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1923, wanda ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996. A zamaninmu kuma garin ya ba da Aminu Waziri Tambuwal, Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, kuma Gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023.

To, me ya sa aka ajiye ɗan Shehu guda a Tambuwal? Don wurin bakin iyaka ne. Dabarar Sarkin Musulmi Bello ita ce ribaɗi, watau a kafa gari mai ganuwa a bakin daga, a zuba masa mutane, su yi tsaro su yi noma su yi sana'a, a kuma jawo Fulanin daji su zauna kusa. Da Kabawa suka tayar a 1849 a ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka kafu a Argungu, sai yaƙi ya yi ta ci yana lafawa har zuwan Turawa. Manomi a wancan zamani ba ya kwana nesa da ganuwa. Gonakin da ke jikin gari su aka yi ta zuba wa taki shekara da shekaru, da toka, da shara, da kashin awaki, har suka zama su ne zinariyar gari. Can nesa kuwa daji ne na makiyaya da mafarauta. Sunan Dogon Daji shi kansa shaida ne, don ba a raɗa wa fili suna daji sai da itatuwa.

Da Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, yaƙi ya kwanta, sai mutane suka fara fita suna kafa tungaye, suna sassabe. Jirgin ƙasa ya zo Ƙaura Namoda a 1929 ya tsaya nan, bai taɓa isowa Sakkwato ba, sai hanyar mota ta zama ita ce jijiyar ciniki, ta bi sawun tsohuwar hanyar fatake da ke zuwa kasuwar Jega. Daga baya iyakoki suka yi ta sauyawa: Jihar Arewa Maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996. Yankin da dā ya ke tsakiyar lardi guda, yau ya koma bakin iyakar jihohi uku. Ko wace sauyawa kuwa takardu sun yi ƙaura daga wannan ofis zuwa wancan, waɗansu sun ɓace a hanya.

Ka ga ashe abu huɗu ne suka yi waɗannan garuruwa: tudu, da fadama, da daji, da hanya. Sanin yadda huɗun nan su ke haɗuwa yana cikin kawunan tsofaffi ne kaɗai, kuma ko wace shekara muna kai waɗansu makwanci.

LABARIN WANI ƘARAMIN GARI A AMURKA

Bari mu ɗan ƙetara teku, don akwai wani gari da labarinsa ya dace da zancenmu. Sunansa Boyis Siti, a ƙarshen yammacin Jihar Oklahoma ta Amurka. Mutanensa ba su kai 1,500 ba, watau ƙauyukanmu da yawa sun fi shi jama'a. Ƙasar fili ce fetal, mai ƙarancin ruwa, damunarta ba ta kai ta Sakkwato ba. Shekaru aru-aru ciyawa ce ta rufe ta, saiwoyinta sun riƙe ƙasa kamar tabarma.

A 1908 waɗansu 'yan damfara suka buga takardu da hotunan gari mai itatuwa da gidaje da tituna, suka sayar wa mutanen nesa filaye wajen 3,000. Da masu saye suka iso, ba su tarar da kome ba sai ciyawa da iska. Aka kama biyu daga cikin 'yan damfarar aka ɗaure. Amma waɗansu da suka riga suka zo suka zauna. Sun sayi ƙasar da ba su sani ba, kuma 'yan asalin wurin da suka san halinta an riga an kawar da su, babu wanda za a tambaya. Da alkama ta yi tsada, aka kuma sami 'yan shekaru masu ruwa, sai suka sa garmar inji suka kifar da ciyawar nan eka dubu bisa dubu.

Daga 1931 fari ya sauka, ya yi shekaru bai ɗaga ba. Alkama ta ƙi, ciyawa babu, iska ta sami ƙasa tsirara ta yi ta kwasa. Ran 14 ga Afril 1935 aka yi wata guguwar ƙura da ta mai da rana dare, har yau suna kiran ranar Baƙar Lahadi. Dabbobi suka mutu, yara suka kamu da ciwon huhu, mutane suka ɗaura kaya suka gudu. Gundumar da garin ya ke tana da mutum fiye da 5,000 a 1930, amma a ƙidayar 2020 ba su kai 2,500 ba.

Abin da ya kamata mu lura da shi, shi ne maganin da suka yi. A 1935 Gwamnatinsu ta kafa ma'aikatar kiyaye ƙasar noma, ta ba wani masani Hugh Bennett shugabancinta. Daga 1935 zuwa 1942 aka dasa itatuwa wajen miliyan 220 jeri-jeri don tare iska. Daga 1937 manoma suka shiga kafa ƙungiyoyin kula da ƙasa gunduma-gunduma. Ginshiƙin aikin duka kuwa taswira ce: a bi ko wace gunduma a rubuta irin ƙasarta, nan ta noma ce, nan ta kiwo ce, nan in ka kife ta iska za ta ɗauke. Yau manomin can kafin ya sayi gona sai ya duba abin da aka rubuta a kanta. Sai da suka yi hasara kafin su rubuta. Mu kuwa mun fi su gata, don masu sanin ƙasarmu suna zaune a zaurukanmu. Sauranmu rubutawa.

INDA RUMBU KE YOYO

Wani zai ce, kakanninmu ba su rubuta ba, kuma ba su ɓata ba. Gaskiya ne, amma a zamaninsu ƙasa ta fi mutane yawa. Yau rumbun yana yoyo ta wuri uku.

Na fari, gado. A ce mutum ya rasu, bayan an fid da tumuni eka 16 ta rage, ya bar 'ya'ya maza 3 da mata 2. Ko wane namiji ya sami eka 4, ko wace mace eka 2. In aka sake rabo irin wannan sau ɗaya, jika zai tashi da eka guda ko abin da bai kai ba. Iyaka kuwa me ce ce? Wata gawo, ko kuka, ko jerin gamba, ko tururuwa. Gawon ya faɗi, an sare gamba an yi zana, tsohon da ya san wurin ya rasu. Daga nan sai gaban alƙali, 'yan'uwa ciki ɗaya su shekara suna kai da kawowa, kuɗin taki ya tafi a kuɗin mota. Haka jingina da aro: an ba mutum aron gona don zumunci, bayan shekara 30 'ya'yansa sun ce gado ce.

Na biyu, burtali da mashaya. Bafillace da manomi a wannan ƙasa tsofaffin abokan ciniki ne. Bayan girbi shanu su kwana a gona su ci kara su bar taki, a ba da hatsi a karɓi nono. Abin da ya riƙe wannan zama shi ne ko wa ya san hanyar da shanu za su bi daga tudu zuwa gulbi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma doka a Kaduna ba ta hana mutum ya ƙara kunya biyu cikin burtali bana, maƙwabcinsa ya ƙara uku baɗi. Burtalin da garke ke wucewa a sake ya koma sai saniya ɗaya-ɗaya. Ranar da ta kai baki ga dawa, sai sanda, daga sanda sai abin da ya fi sanda. Ba mu ce wannan kaɗai ya haifi ta'asar 'yan bindiga da ta addabi Zamfara har ta taɓa dazuzzukan Kebbe ba, don dalilanta suna da yawa. Amma duk mai hankali ya san rigimar gona da kiwo tana cikin itacen da aka hura wutar da shi.

Na uku, fadama da bakin hanya. Tun da aka kawo rijiyar burtsatse ta fadama da injin ban ruwa, musamman daga shirin Fadama na shekarun 1990, jigo ya kwanta, fadamar da dā a ke bar wa shanu da rani ta zama kuɗi. Masu hannu da shuni daga birni suna zuwa saye. A bakin babbar hanya kuma, gonakin nan na jikin gari da kakanni suka shekara fiye da 100 suna yi wa taki, su a ke yankawa fuloti, a kafa gidan mai da shaguna. Gari dole ya faɗaɗa, ba mu musa ba. Amma ga fako nan da marmara inda ko ƙaya ba ta fitowa da kirki. Don me za a zuba siminti a kan ƙasar da ta fi ko wace ba da gero? Don babu wanda ya taɓa rubuta cewa ita ce ta fi.

Mutanen Sakkwato ba sa bukatar a tuna musu Bakolori. An gama dam ɗin a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978. Rigimar diyya da rabon gonaki ta yi tsanani har a watan Afril 1980 'yan sanda suka far wa manoma, aka yi hasarar rayuka da yawa. Mutanen da ke ƙasa da dam ɗin kuma ambaliyar da ke shayar da fadamarsu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya, ba a ko sa su cikin lissafi ba. Ranar da wani babban aiki zai zo Gulbin Zamfara, da injiniyoyi da taswirarsu, me mutanen Kebbe da Kuci za su ajiye a kan tebur? Ku sani, Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha duka amana a hannun Gwamna. A karkara Ƙaramar Hukuma ke ba da izinin riƙo na gargajiya, har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. In an karɓi fili don aikin jama'a, diyyar da a ke biya ta abin da ke kansa ce, amfanin gona da itatuwa da gini. Wanda bai iya nuna abin da ke nasa ba, da me zai yi magana?

ABIN DA ZA A RUBUTA

Littafin da mu ke nufi ba ya bukatar Bature ko kwangila. Ga abin da zai ƙunsa.

Da fari, sunan ko wane yanki na ƙasar gari kamar yadda manoma ke kiransa, da irin ƙasarsa, jigawa ce ko laka ko fako ko marmara, da abin da ya fi yi a cikinta.

Na biyu, ruwa: ko wace rijiya da zurfinta gaba nawa, da watan da ta ke ƙafewa. Ko wane tafki da ƙorama, da inda ambaliya ta kan tsaya a shekarar ruwa da shekarar fari.

Na uku, abin da ya ke na jama'a duka: burtali da faɗinsa, mashaya, makiyaya, hurumi, maƙabarta, filin idi, filin kasuwa, da dajin da a ke itace. Wayar hannu ta zamani tana nuna daidai inda mutum ya ke tsaye a doron ƙasa. Ɗan makaranta guda da waya, da tsoho guda da sanda, da wakilin arɗo, sun isa su bi burtali daga farko har ƙarshe a yini biyu.

Na huɗu, shekaru: yunwar 1914, farin 1973, na 1984, ambaliyar 2010, da shekarun fara da na tsutsa, da sunan da mutanen gari suka ba ko wace, da abin da aka ci aka rayu, da gonakin da suka ba da amfani ko a cikin farin. Wannan shi ne ilmin da ya fi tsada, don fari baƙo ne mai komowa.

Na biyar, irin gida: sunayen gero da maiwa da dawa da wake da shinkafar da aka gada, kwana nawa ko wanne ke yi, wa ke da shi har yanzu. Da itatuwan gona, gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. Mutanen Maraɗi tun wajen 1984 suka koma barin tohon itatuwa a gona suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, har Jamhuriyar Nijar ta mai da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5. Mai son ya yi koyi da su sai ya fara sanin itatuwan da dā ke ƙasarsa.

Na shida, asalin ko wace unguwa da tunga: su wa suka sare ta, daga ina suka zo, wa ya ba su wuri.

MASU CEWA A'A

Akwai masu tsoro, kuma tsoronsu yana da tushe. Waɗansu za su ce, duk ranar da aka zo da takarda ana ƙidayar gona, haraji ne ke biye. Tsofaffi ba su manta da malaman da ke auna gonaki da ƙirga shanun jangali ba. Amsa ita ce, a fara da abin da ke na jama'a. Burtali da tafki da maƙabarta ba su da mai biyan haraji. Gonar mutum kuwa kada a rubuta ta sai shi ya kawo kansa, da maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa suna tsaye.

Waɗansu za su ce, tone-tone zai ta da rigimar da ta yi barci. Lalle za a yi gardama. Amma gardamar da aka yi a ƙofar fadar hakimi, da rani, ciki a ƙoshe, tsofaffin da suka gani da idonsu suna zaune, ta fi sauƙin kashewa bisa wadda za a yi a watan Agusta a bakin gona da makami a hannu. Rigakafi ya fi magani.

Tsoro na uku shi ya fi nauyi: kada mai ƙarfi ya karɓe alƙalamin ya rubuta abin da ya ga dama, takarda ta zama wuƙar yanka talaka. Wannan ya faru a wurare da yawa. Maganinsa kada a yi rubutun a ɗaki. Abin da aka rubuta a karanta shi da ƙarfi a bainar jama'a, ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a, da Hausa, a kuma fassara da Fulatanci inda a ke bukata. A yi shi da boko da ajami. A aika wa mata su ji, don suna da gadon gona, kuma su aka fi cuta in iyaka ta ɓace. A yi kofe uku, ɗaya wurin hakimi, ɗaya a ofishin Ƙaramar Hukuma, ɗaya a makaranta ko wurin liman. Mai son ya murɗe gaskiya sai ya murɗe uku, gaban mutanen da suka ji da kunnensu.

AIKIN KO WA

Akawu, wannan aikinka ne tun asali. Ka san yadda a ke jera magana a takarda, ka san ƙofar ofis. Akwai tsofaffin rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta a kan gundumomin Lardin Sakkwato, da sunayen ƙauyuka da yawan mutane da amfanin gona, suna ajiye a gidan adana takardun Gwamnati na Kaduna. Akwai kuma gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A nemo abin da ke can a gwada shi da abin da tsofaffi suka faɗa. Inda suka saɓa a rubuta duka biyu.

Ɗan kasuwa, kada ka ce kai ba ka noma. Buhun gero da na albasa da na shinkafa da ka ke lodi zuwa Jega da Sakkwato da Ikko daga wannan ƙasa su ke fitowa. Ranar da manomi ya ji tsoron zuwa gona, motarka za ta koma wayam. Kuɗin littattafai da tawada da man babur na masu zagayawa bai kai ribar kasuwa guda ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauki wannan.

Malamin makaranta da malamin gona, ku ne masu yara da ma'auni. Yaron da ya iya zana taswirar Afirka amma bai san inda ƙoramar garinsu ta fito ba, karatunsa da saura. Hakimai da dagatai da arɗo-arɗo, ku ne za ku kira taro, don in ba ku kira ba babu mai zuwa. Manomi kuwa, kai ne mai ilmin. Kada ka raina abin da ka sani don ba a makaranta ka koya ba.

Lokacin aikin shi ne bayan an ɗaure dammuna an kai rumbu, kafin 'yan cin rani su watse. Kada a jira a ce sai an ba da umurni daga Sakkwato ko Abuja. Gari ɗaya ya fara, ko Jabo, ko Sanyinna, ko Kuci, sauran za su zo kallo su koma su yi nasu. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya ke da tsoho a gida mai shekara 80, ya ɗauki littafi da fensir ya zauna gabansa a daren yau, ya fara da tambaya ɗaya: Baba, ta ina shanu ke bi su sha ruwa sa'ad da ka ke yaro?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunad da ƙasarmu lafiya. Amin.